Rubutu, rediyo da suna a tarihin manyan ƙungiyoyin kiɗan suwing na Amurka (1924-1946)

1. Gabatarwa

Tsakanin 1935 da 1946, kiɗan da ya fi kowane karɓuwa a gidajen rawa na Amurka shi ne reshen jaz da ake kira suwing, kalmar da take nufin lilo a Ingilishi. Manyan ƙungiyoyi ne suke yin sa, kowace da makaɗa goma sha biyu zuwa sha shida, kuma ana kiran kowace da sunan shugabanta. A cikin wannan maƙala za mu duba tambaya guda: yaya aka yi salon da makaɗa baƙaƙen fata suka gina a Niyu Yok ya kai ga naɗa farar fata, Benny Goodman, "sarkin suwing"? A ganinmu amsar tana ga abubuwa biyu, wato rubutu da rediyo.

2. Shigowar rubutu

A ƙananan ƙungiyoyin jaz na farko, masu mutum biyar zuwa bakwai, kowane mai busa yana iya ƙago nasa nan take ba tare da an yi karo ba. Idan masu busa suka kai goma, tilas a rubuta wa kowa abin da zai busa. Daga nan aikin mai tsara kiɗa ya samo asali.

Fletcher Henderson (1897-1952) ya karanci ilimin sinadarai a Jami'ar Atlanta, ya zo Niyu Yok a 1920, amma a wancan zamani da wuya baƙar fata ya samu aiki a wannan fanni, sai ya koma ga piyano. Daga 1924 ƙungiyarsa ta zauna a gidan rawa na Roseland, inda fararen fata kaɗai ke rawa. Mai tsara masa kiɗa, Don Redman, ya kasa makaɗan gida uku: masu ƙahonnin tagulla, masu saksofon, da masu riƙe da kari, wato ganguna, piyano da sauransu. Sashe ɗaya ya yi kira, ɗayan ya yi amshi, sa'an nan a bar wa mutum guda fili ya ƙago nasa. Louis Armstrong, wanda ya yi kusan shekara guda da su daga ƙarshen 1924, shi ya kawo lilon da aka zuba cikin wannan tsari. Bayan tafiyar Redman a 1927, sannu a hankali Henderson ya karɓi aikin rubutun da kansa.

Abin lura a nan shi ne, kiɗan da aka rubuta ya zama haja. Ana iya sayar da shi, a ba da aronsa, wasu makaɗa dabam su busa shi. Ƙungiyar Count Basie ta Kansas Siti akasari da ka take riƙe kiɗanta: ɗan guntun sauti a yi ta maimaitawa har ya zauna. Da ta fito zuwa Shikago a 1936, sai da Henderson ya ara mata takardunsa.

3. Rediyo da naɗin sarauta

A 1934, cikin matsin tattalin arziki, ƙungiyar Henderson ta watse. A watan Disamba na wannan shekara Goodman ya samu gurbi a wani shirin rawa na gidan rediyon NBC, wanda kamfanin biskit yake ɗaukar nauyinsa. Yana bukatar sabon kiɗa kowane mako, sai ya riƙa sayen rubutun Henderson. Lokacin da ake sa shi dare ya yi nisa a Niyu Yok, amma a Kalifoniya, da ke baya da awa uku, matasa ba su kwanta ba. Shi ya sa ranar 21 ga Agusta 1935, a gidan rawa na Palomar da ke Los Anjalas, ya tarar da jama'ar da ta riga ta san kiɗan. Masana tarihi da yawa daga wannan dare suke ƙirga farkon zamanin suwing. A 16 ga Janairu 1938 ya kai jaz zauren Carnegie.

Ba Goodman kaɗai ya bi wannan hanya ba. Mary Lou Williams, mai tsara wa Andy Kirk, ta rubuta masa kiɗa a 1937, kuma a 1939 Tommy Dorsey ya ɗauke Sy Oliver daga ƙungiyar Jimmie Lunceford. Mai sauraro yana iya cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai adalci ne mu faɗi cewa Goodman bai ɓoye sunan Henderson ba, kuma ya hau dandamali tare da Teddy Wilson da Lionel Hampton tun 1936, lokacin da haɗa baƙi da fari a fili abu ne mai haɗari. Matsalar tana ga kasuwa: manyan otal-otal da shirye-shiryen da kamfanoni ke biya sun fi buɗuwa ga fararen fata. Duke Ellington ya tsira da sunansa ne domin shi ne shugaba, shi ne marubuci, kuma rediyo ta yaɗa shi daga gidan Cotton Club, inda ya zauna daga 1927 zuwa 1931.

4. Kammalawa

Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe makaɗa, ya tsananta tafiye-tafiye. Ƙungiyar ƙwadagon makaɗa ta hana ƴaƴanta naɗar faifai daga Agustan 1942 har zuwa 1944, a 1944 kuma aka ɗora haraji mai nauyi a kan wuraren rawa. A ƙarshen 1946 Goodman, Dorsey, Harry James da Woody Herman duk sun sallami makaɗansu, ko da yake sun sake haɗa wasu daga baya. Henderson ya rasu a Disamban 1952, shekara biyu bayan shanyewar jiki.

Muna ba masu nazarin adabin baka da fasaha shawara: duk sa'ad da wata fasaha ta shiga takarda, a tambayi wa ya rubuta, wa ya saya, da sunan wa aka yaɗa ta.