Jan ƙarfe da ruwan gishiri: tsohuwar matsalar da ta biyo jirage har yau

Jirgin da ya daɗe a ruwan gishiri ba ya rabuwa da baƙi. Gansakuka ce ke fara kama shi, sai ƙananan halittu masu ɓawo su manne a gindinsa, gudu ya ragu. A zamanin jiragen katako kuma akwai tsutsar teku mai huda katako ta ciki.

A 1761 sojojin ruwan Ingila suka lulluɓe gindin jirgin yaƙinsu HMS Alarm da faranten jan ƙarfe, suka tura shi tekun Karibiyan. Da ya dawo aka duba, katako lafiya lau, gindi fes. Amma ƙusoshin baƙin ƙarfe da suka taɓa jan ƙarfen sun cinye. Ƙarfe biyu mabambanta idan suka haɗu a ruwan gishiri, lantarki kan gudana tsakaninsu, ɗaya ya narke. Daga baya dole aka koma ƙusoshin da aka haɗa da jan ƙarfe.

Gwajin da ya fi ba ni tausayi shi ne na masanin kimiyya Humphry Davy a 1824. Ya gano cewa idan aka liƙa guntun zinki ko baƙin ƙarfe, su ne za su narke, jan ƙarfen ya tsira. Dabarar ta yi aiki, sai dai halittun suka dawo, domin ashe 'yar narkewar da jan ƙarfen ke yi ita ce gubar da ke korarsu.

Ƙarni na 20 ya kawo fenti mai sinadarin TBT don korar halittun, wanda masu ƙafar inji ta alminiyom (ɓangaren injin da ke cikin ruwa) suka so ƙwarai saboda ba ya cin ƙarfensu. Sai kawar da ake kiwo a gaɓar Arcachon ta Faransa ta fara lalacewa saboda sinadarin. Faransa ta hana shi ga ƙananan jirage a 1982, haramcin duniya kuma ya fara aiki a 2008. A ganina an yi jinkiri matuƙa.

Shi ya sa yau mai jirgi ke shafa wa gindi fenti mai jan ƙarfe, amma ya bar 'yar tazara kafin ƙafar injin, wadda ake nema wa fenti na daban, don kada jan ƙarfen ya ci alminiyom ɗin. Guntayen zinkin Davy suna nan ɗaure kusa da farfela, kuma ba a shafa musu fenti ko kaɗan.