Keken guragu da jirgin sama: tarihin wata doguwar gwagwarmaya

'Yan uwa, duk wanda ya taɓa raka dattijo ko mara lafiya filin jirgi ya san cewa da an kai ƙofar jirgi ake raba mutum da kekensa. Sai a ɗauke shi a sa a wata 'yar siririyar kujera mai taya a tura shi zuwa mazauninsa, keken kuma a kai shi ƙasa inda ake zuba kaya. Daga Legas zuwa Landan sama da awa 6 ne, zuwa Amurka kuwa ya haura awa 10. Wannan tsari yana da tarihi, kuma sanin tarihin ne zai sa mu san haƙƙinmu.

A 1933 wasu injiniyoyi biyu a Amurka, Herbert Everest wanda hatsari a mahaƙar ma'adinai ya karya masa baya, da abokinsa Harry Jennings, suka ƙera keken ƙarfe mai naɗewa da zai shiga mota. Keken ya buɗe wa mutane hanyar tafiya, amma jiragen da suka biyo baya, irin su Boeing 707 da ya fara jigila a 1958 da Boeing 747 a 1970, ba a ƙera su da mai keke a rai ba. Hanyar da ke tsakanin kujeru ta yi wa keke ƙunci, ban ɗaki kuma da kyar yake ɗaukar mutum ɗaya a tsaye. A wancan zamani kamfani na iya ƙin ɗaukar naƙasasshe, ko ya ce sai da takardar likita, ko sai da ɗan rakiya.

Sauyi ya faro ne daga wata shari'a da aka faɗi. Ƙungiyar tsofaffin sojojin Amurka masu shanyewar jiki ta dogara da wata dokar 1973 da ta hana duk mai cin tallafin gwamnatin tarayya nuna wa naƙasassu bambanci. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce dokar ba ta hau kan kamfanonin jiragen ba, domin ba su ne ke karɓar kuɗin kai tsaye ba. Hukuncin ya harzuƙa jama'a, kuma a wannan shekarar Majalisar Dokoki ta yi sabuwar doka, Shugaba Ronald Reagan ya sa mata hannu. Ƙa'idojin aiki da ita sun fito a 1990: sabon jirgi mai hanya biyu a ciki dole ya samu ban ɗakin da mai keke zai iya shiga, mai kujeru 100 ko fiye kuma ya tanadi wurin ajiye keke mai naɗewa guda ɗaya a cikin ɗakin fasinjoji.

Tarayyar Turai ta yi tata dokar a 2006, ta fara aiki gaba ɗaya a 2008. Ita ta ɗora wa filin jirgi nauyin taimaka wa fasinja kyauta, ta kuma wajabta wa kamfani ɗaukar kayan taimakon tafiya guda 2 ba tare da ƙarin kuɗi ba. A Najeriya, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Janairun 2019, kuma ta haɗa da kamfanonin jiragen da ke aiki a ƙasar: su tanadi keke mai aiki, su taimaka wa mutum ya hau ya sauka cikin aminci.

Sai dai doka daban, aiki daban. Alƙaluman Ma'aikatar Sufurin Amurka sun nuna keke sama da 11,000 ne kamfanoni suka lalata, suka ɓatar ko suka jinkirta a 2023, kuma a 2024 ma'aikatar ta ci tarar American Airlines dala miliyan 50 kan yadda ya riƙa tafiyar da masu keke. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kuwa lissafin jaka take yi wa keke, ta kuma ƙayyade diyya, alhali keken lantarki da aka auna da jikin mai shi ya kan ninka wannan diyya a tsada. Ga mai shi, keken ƙafa ne. Idan ya lalace zai iya shafe makonni a kwance ko a kan keken aro da ke haifar da gyambo. Haka kuma wasu kan ƙaurace wa ci da sha kafin doguwar tafiya don gudun buƙatar ban ɗaki, wanda hatsari ne ga lafiya.

Babban burin da ya rage shi ne mutum ya zauna a kekensa har cikin jirgi, kamar yadda ake yi a bas da jirgin ƙasa a ƙasashe da dama. A 2023 wani reshen kamfanin Delta ya nuna samfurin kujerar da ke naɗewa ta bar wurin ɗaure keke, a wani baje koli a Hamburg ta Jamus.

Kafin wannan ya zama ruwan dare, masu shirin kai iyaye Hajji, Umara ko asibiti a Masar da Indiya su kula da abu uku. A sanar da kamfani aƙalla awa 48 kafin tashi. A tabbatar wakilin tikiti ya sa alamar da ta dace: WCHR ga mai iya hawa matakala, WCHS ga wanda ba ya iyawa, WCHC ga wanda sai an kai shi har kujera. Sannan a ɗauki hoton keken kafin a miƙa shi, in ya fito da lahani a rubuta ƙorafi tun kafin a bar filin jirgi. Haƙƙin nan ba a banza aka same shi ba, kada mu ji nauyin nemansa.