2.3 Hanyoyin Sufuri da Yawan Jama'ar Ƙauyen Baro

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin nuna yadda hanyoyin sufuri suka tara jama'a a ƙauyen Baro, da kuma yadda jama'ar suka watse bayan an karkata hanyoyin zuwa wani wuri. Baro dai ƙauyen Nufawa ne da ke bakin Kogin Kwara, a cikin Ƙaramar Hukumar Agaie ta Jihar Neja. Kafin zuwan Turawa, sana'ar mazaunansa ba ta wuce su da noma da fito ba, kuma kwalekwale shi ne abin hawansu.

Al'amura sun sauya ne a shekarar 1907, lokacin da Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan jirgin ƙasa ne, ya karɓi mulkin Arewa. A wannan shekara aka fara shimfiɗa layin dogo daga Baro zuwa Kano, mai tsawon mil 356, wanda ya isa Kano a 1911. Dalilin zaɓen Baro shi ne, idan kogi ya cika da damina, jiragen ruwa masu ɗaukar kaya suna iya tasowa daga Burutu da ke bakin teku su iso har nan. Saboda haka ƙarafan dogo da kawunan jirgi da taragu duk ta ruwa aka kawo su, a Baro aka sauke. Akwai kuma siyasa a ciki, domin Turawan Arewa suna son hanyarsu ta kansu zuwa teku, wadda ba sai ta bi ta hannun gwamnatin Ikko ba.

Wannan aiki ne ya cika ƙauyen da baƙi. Da farko leburori ne waɗanda aka ɗora wa sarakuna nauyin tarawa daga garuruwansu, kuma gaskiya ita ce da yawansu ba da son ransu suka zo ba. Bayansu sai akawuna da masu dako da makanikai, sa'annan 'yan kasuwa Hausawa da Yarabawa waɗanda suka biyo ƙanshin kuɗin da ake biyan ma'aikata. Kamfanonin Turawa suka gina ɗakunan ajiya a bakin kogi, jami'an gwamnati kuwa suka haye kan dutsen da ake kira Empire Hill suka yi gidajensu.

Sai dai wannan bunƙasa ba ta daɗe ba. A 1912 layin da ya taso daga Ikko ya haɗu da na Baro a Minna, a 1916 kuma aka kammala gadar Jebba. Daga nan gyaɗar Kano da kuzar Jos suna iya kaiwa tashar Ikko kai tsaye, rani da damina, ba tare da an sauke su an sake lodi a jirgin ruwa ba. Kogin kuwa 'yan watanni kaɗan ne yake ɗaukar manyan jirage a shekara. Ta haka mil 111 na tsakanin Minna da Baro ya koma reshe kawai. A ganin mai wannan bincike, tun daga ranar da aka buɗe gadar nan Baro ya fara komawa ƙauye, ko da yake jirgi ya ci gaba da zuwa har tsawon shekaru masu yawa. Da aka daina gudanar da reshen gaba ɗaya, baƙin da sufuri ya tara suka kama gabansu, aka bar masunta da manoma.

Gwamnatoci sun yi yunƙurin farfaɗo da wurin. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogin daga Warri zuwa Baro, a watan Janairun 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a ƙauyen. Amma shekaru suka shuɗe jiragen kaya ba su fara tsayawa ba, domin a lokacin da aka buɗe ta layin dogo ya riga ya mutu, hanyar motar da ta taso daga Agaie ta bi ta Katcha kuma ba ta iya ɗaukar manyan motoci.