Labarin Gandun Daji da Namun Dawa a Ƙasar Bagudo da Iyakar Benin

Duk wanda ya yi aikin En'e a yammacin ƙasar Gwandu ya san babu shari'ar da ta fi ta ƙasa wuyar yankewa. Manomi yana neman saura, makiyayi yana neman burtali da mashaya, maharbi yana neman dawa, hukuma kuwa tana cewa a bar wani wuri kada kowa ya taɓa. En'e dai ta shuɗe tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, amma rigimar nan ba ta shuɗe tare da ita ba, har wa yau ƙofar hakimi da dagaci ta ke kwana. Saboda haka ya kamata a cikin wannan ɗan littafi na tunawa da magabatanmu ma'aikata mu ba da labarin yadda aka keɓe daji domin namun dawa a wannan yanki, da abin da aka biya masu ƙasa, da abin da ba a biya su ba.

Ƙasar da Mutanenta

Ƙasar Bagudo tana bisa kogin Kwara, daidai inda ya baro ƙasashen Nijar da Benin ya shigo Nijeriya. A cikinta akwai Illo da Ka'oje da Zagga da Lolo da Tsamiya, daga Tsamiya kuwa in ka ƙetare iyaka sai Segbana ta Benin. Mutanenta Busawa ne da Kyangawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa, ga kuma Sarkawa masu su a bakin ruwa. A zamanin da, ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro su kan ƙetare Kwara ta wajen Illo, su bi ta Kandi da Jugu har su kai Salaga.

A lokacin nan mutane kaɗan ne, daji kuwa ba iyaka. Akwai giwa da ɓauna da gwanki da kanki da zaki da damisa, a ruwa kuma ga dorina da kada da ayu. Ba doka ce ta tsare su ba, abubuwa uku ne: yaƙi da ya hana talaka nisa da ganuwa, da tsando mai sa wa shanu sammore, da ƙudan bakin rafi mai makantar da mutane. Inda mutum ya kasa zama, nan naman dawa ya hayayyafa.

Hurumi kafin zuwan Turawa

Kada wani ya zaci Bature ne ya koya mana keɓe wuri. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina domin dawakin Musulmi. Sayyidina Umaru ya keɓe Rabaza, ya kuwa umurci mai tsaronta ya riƙa barin mai 'yan dabbobi kaɗan ya shiga kiwo, gama mawadaci yana da wurin komawa, matalauci ba shi da shi. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, ya wallafa littafi musamman a kan mataccen fili da hanyoyin mallakarsa, sunansa Ta'alimur Radi.

Malaman Malikiyya sun kafa wa irin wannan hurumi sharuɗɗa. Shugaba ne kaɗai ke yanka shi. Sai da bukata. Ya zama kaɗan, yadda ba zai ƙuntata wa jama'a ba. Ya zama wurin da babu gini, babu shuka. Amfaninsa kuma ya koma ga jama'a, ba ga shi shugaban ba. A riƙe sharuɗɗan nan biyar, domin da su za mu auna abin da ya biyo baya.

Iyaka da Dokokin Turawa

A shekara ta 1894 Turawan Ingila da Faransawa suka yi rige-rigen isa Nikki, kowa yana son ƙasar Bargu. Aka yi ta ja-in-ja har ran 14 ga Yuni 1898, sa'ad da suka sa hannu a birnin Faris suka raba ta. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila, aka ɗauko layin iyaka daga bakin Kwara, mil goma sama da Giris, mashigin jiragen Illo. Daga baya aka cire Illo daga Bargu aka haɗa ta da Gwandu. Daji ɗaya ya koma ƙarƙashin doka biyu, ga shi kuwa giwa ba ta san tuta ba.

A ɓangarenmu, dokar ƙasa ta 1910, wadda aka sabunta a 1916, ta sa dukan ƙasar Arewa a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin amfanin 'yan ƙasa. Ma'anarta ita ce manomi yana da ikon noma, amma ba shi da ƙasar da zai sayar wa hukuma. In an karɓi wuri domin amfanin jama'a, diyyar wahalarsa a ke biyansa, watau shuka da itatuwa da gini, ba kuɗin ƙasa ba. A 1916 ɗin kuma aka yi dokar daji da dokar tsare namun dawa, aka sake shimfiɗa ta dajin a 1937. Bisa ga waɗannan dokoki ne En'e-En'e suka yi ta yanka gandun daji.

Hanyar yankan kuwa ita ce, a yi shela, a zaga iyaka, a tambayi mutanen kewaye abin da su ke mora a wurin tun kaka da kakanni, a rubuta. Wanda ya saba tsintar kaɗanya da ɗorawa, ko yankan shuci, ko ɗiban zuma, ko bin hanya zuwa rafi, a kan bar masa wannan a rubuce. Nauyin aikin nan duka bisa hakimi da dagaci da malamin daji ya ke. Inda suka zauna suka saurari jama'a, iyaka ta zauna lafiya. Inda aka yi gaggawa aka shata a takarda kawai, jikokin mutanen wurin ba su daina ƙara ba.

Gandun Yamma da na Kudu

Ƙasar Bagudo tana tsakanin manyan gandaye biyu. Na farko yana yamma maso arewa, a hannun Faransawa aka kafa shi. A can Kwara ta yi gwiwa-gwiwa kamar harafin W na boko, shi ya sa aka ba dajin wannan suna. Tun 1926 suka fara keɓe shi, a 1954 suka mai da shi babban gandun ƙasa. Faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 10,000, an raba shi tsakanin Nijar da Burkina Faso da Dahome, wadda ta koma Benin a 1975, kason Benin kuwa shi ne mafi girma. Ba sayen ƙasar aka yi ba. Shela aka yi, ƙauyukan da aka tarar a ciki aka tashe su, aka hana noma da kiwo da farauta.

Na biyu yana kudu, a ƙasar Bargu. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafki ya cinye tsohuwar Busa da garuruwa masu yawa, aka ta da mutum wajen 44,000, aka gina musu sababbin gidaje. A 1979 aka haɗa gandun namun dawa na Bargu da na Zugurma suka zama gandun ƙasa na Kainji, shi ne na farko a Nijeriya, faɗinsa murabba'in kilomita 5,340. Aka yi masaukin baƙi a bakin rafin Oli domin masu zuwa kallo da shan iska, kamar yadda aka buɗe Yankari ga jama'a a 1962.

Lalle gandayen nan sun yi rana. Binciken da aka buga a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a dukan Afirka ta Yamma ba su fi wajen 400 ba, mafi yawansu a dajin W da maƙwabtansa Arli da Panjari, 'yan kaɗan a Kainji. Da ba a keɓe ba, da yanzu zaki sai a tatsuniya. Hukumar UNESCO ta sa ɓangaren Nijar cikin wuraren gadon duniya a 1996, ta ƙara na Benin da Burkina Faso a 2017.

Yadda Waɗansu Suka Saya

A Amurka ma gandunsu na farko, Yellowstone, wanda aka kafa a 1872, ba saye aka yi ba, mutanen ƙasar na asali aka kawar. Amma a gabas da tsakiyar ƙasar, inda gonaki ke hannun masu takardar mallaka, sai suka ga ba hanya sai ciniki. A 1911 suka yi dokar da ta ba gwamnati ikon sayen filaye a mafarin koguna ta mai da su daji. A 1934 kuma suka ɗora wa kowane mai harbin agwagin ruwa sayen kan sarki na dala ɗaya a shekara, kuɗin kuwa a sayi fadamu da shi. Da wannan kuɗi aka tsare eka wajen miliyan shida, tsuntsu ya sami wurin ƙwai, jama'a suka sami wurin shan iska.

Abin lura a nan shi ne, wanda ya sayar da gonarsa da yardarsa, ya ƙirga kuɗinsa, ba ya komowa da dare da gatari. Mu kuwa dokar ƙasa ta 1978 ta bi sawun ta 1910, ƙasa tana hannun Gwamnan jiha, diyya ta wahala ce kawai. To, tun da ba a biya da kuɗi ba, tilas a biya da wani abu, in ba haka ba bashi yana nan.

Da Bashin Ya Taso

Muddin daji yana da yawa ba wanda ya tuna da bashin nan. Amma abubuwan nan uku da suka tsare dawa duk sun kau. Yaƙe-yaƙen da suka ƙare. A 1974 aka soma babban aikin kashe ƙudan makanta a ƙasashen yammacinmu, bakin rafuka ya zaunu. Maganin sammore ya samu, shanu suka shiga inda da ba su shiga. Farin 1973 da na 1984 suka koro makiyaya da manoma daga arewa. A Benin auduga ta ci daji a ƙasar Kandi da Banikwara har gindin iyakar gandu, a wajenmu kuwa shinkafa da albasa suka cika fadamun Kwara, burtali ya tsuke. Mai gadin daji ya zama abokin gaban makiyayi, giwa ta zama abokiyar gaban manomi.

Hukumar Benin ta gane haka, ta kafa ƙungiyoyin ƙauyukan kewaye, ta ba su kashi 30 cikin ɗari na kuɗin da baƙi maharba ke biya, da rabon nama. A 2020 ta danƙa kula da kasonta na W ga ƙungiyar African Parks. Amma 'yan bindiga sun riga sun sami mafaka a dajin. A watan Fabrairu 2022 suka kashe ma'aikatan gandu a ɓangaren Benin, dajin Kainji ma bai tsira daga irinsu ba. Wurin da aka keɓe domin kallo ya zama abin tsoro. Dajin da aka fitar da masu shi, ba kowa a ciki mai kai wa dagaci labari.

Akwai kuwa misalai biyu na kusa da ke nuna wata hanya. A Kure ta Nijar, gabas da Yamai, raƙuman dawa sun ragu har suka koma wajen 50 a 1996. Ba a ta da kowa ba, aka bar su cikin gonakin gero, aka hana harbi, 'yan ƙauye suka zama masu yi wa baƙi jagora, aka taimake su da rijiyoyi da rance. Cikin shekara ashirin da 'yan kai suka haura 600. A Argungu kuma, Matan Fada hurumi ne, ba a su a cikinsa sai ranar da aka buɗe, bikin da ya samo asali tun 1934 kuwa ya kai sunan Kabi ko'ina a duniya. Masunta da kansu ke tsaronsa, domin sun san ribar haƙurin tasu ce.

Abin da Ya Rage Gare Mu

In muka koma ga sharuɗɗan nan biyar, za mu ga gandayen zamanin Turawa sun cika na farko da na biyu, gama hukuma ce ta yanka, bukata kuwa akwai ta. Amma sau da yawa sun yi faɗin da ya ƙuntata, sun haɗiye gini da shuka, amfaninsu kuma ya tafi birni ya bar ƙauye. Nan ne ɓaraka ta ke, nan kuma gyara zai fara.

Ya ku hakimai da dagatai da masu unguwanni da malaman daji, ikon yanka gandu ya bar hannunku, amma shaida ba ta bar bakinku ba. Ku ne kuka san inda burtali ya bi, da kan iyakar hurumi, da gidan da ke da tsintar kaɗanya a wuri kaza. Ku nemo tsofaffin takardun gandu ku adana, ku tambayi dattawa tun suna raye, ku rubuta. In hukuma ko wata ƙungiya ta zo neman fili domin namun dawa ko wurin shan iska, ku tsaya a kira masu noma da masu kiwo a fili, a biya diyya kafin a kafa dutsen iyaka, a rubuta rabon ƙauye cikin abin da wurin zai kawo. In kuma wani mai hali ya zo neman a yanka masa gandun jama'a ya yi gona, ku tuna amana ce, ba gādo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Magabatanmu sun zaga dazuzzukan nan bisa doki da ƙafa, albashinsu bai taka kara ya karya ba, suka bar mana abin da suka iya. Allah ya jiƙansu, ya gafarta musu. Mu kuma Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya zaunar da ƙasarmu da ta maƙwabtanmu lafiya, amin.