Jaguar XJ6: tarihin motar alfarma mai yawan zuwa gareji

Jaguar XJ6 motar alfarma ce mai ƙofa huɗu wadda kamfanin Jaguar na birnin Coventry a Ingila ya fitar a watan Satumba na 1968. Ita ce ta ƙarshe da wanda ya kafa kamfanin, Sir William Lyons, ya tsaya a kan zanenta kafin ya yi ritaya a 1972. Injinta mai silinda shida, wanda ake kira XK, tun 1948 aka fara amfani da shi. Ta yi suna wajen laushin tafiya da rashin ƙara, ga kujerun fata, ga katako mai sheƙi a gaban direba, duk a farashin da bai kai na takwararta ta Mercedes ba. A 1972 aka ƙara mata ƙanwa mai silinda 12.

Daɗinta da wahalarta tushensu ɗaya ne. Lyons ya zuba kuɗi a kan abin da ido ke gani da abin da jiki ke ji, ya matse hannu a kan abin da ke ɓoye. Shi ya sa makullan lantarki da wayoyi, yawancinsu na kamfanin Lucas na Birmingham, suka zama abin ba'a, har masu motar suka laƙaba wa Lucas "Yariman Duhu" saboda yadda fitilu ke ɗaukewa. Tsatsa takan ci ƙasan jiki da kewayen tankunan mai guda biyu na baya. Birkin baya kuwa, an cusa shi can tsakiya domin tafiya ta yi laushi, sai ya zama babban gyara yakan buƙaci makaniki ya sauke ƙafafun bayan gaba ɗaya. Mai silinda 12 kuma zafi ke gasa robobinta.

Wasu kan ce tsufa ne kawai da sakacin masu saye na hannu. Akwai gaskiya a ciki, domin motar da aka yi shekara arba'in ana tsallake mata gyara dole ta rama. Sai dai ƙorafin ya fara tun tana sabuwa, musamman a Amurka, inda wasu suka riƙa cire injin suna dasa na Chevrolet. Wasu kuma kan ɗora laifin duka a kan British Leyland, gamayyar da Jaguar ta faɗa ciki a 1968, wadda gwamnati ta karɓe a 1975 ana fama da yajin aiki. Lallai inganci ya zube a lokacin, har fenti ya lalace a 1979. Amma da John Egan ya karɓi ragamar Jaguar a 1980, masu kawo kayan haɗi ya fara takura wa, abin da ke nuna cewa cutar ta wuce ƙofar masana'anta. Motocin da suka biyo baya sun fi aminci, aka sayar da hannun jarin kamfanin a 1984, Ford ta saye shi a 1989, mai silinda 12 ɗin kuma ta ci gaba da fita har 1992.