Labarin Lamba da Allurar Yara a Birnin Njamena

Ya ɗan'uwa mai karatu, in akwai dattijo a gidanku wanda ya haye shekara 55, roƙe shi ya naɗe hannun rigarsa ka duba damtsensa. Mai yiwuwa za ka ga wani ɗan tabo wanda bai kai faɗin anini ba. Wannan shi ne lamba. 'Ya'yanmu ba su da shi, gama cutar da ake yinsa dominta ta ƙare a duniya sarai, watau agana. Tun da yake littafin nan na tuna baya ne, na ga ya kamata a ba da labarin yadda aka yi fama da cututtukan yara a garin nan namu, da inda aka ci nasara, da inda har yau ba a ci ba.

Turawan Faransa ne suka kafa garin cikin 1900, a gaɓar kogin Shari, daura da Kusuri inda kogin Logon ya shigo, bayan yaƙin da aka kashe Rabe a cikinsa. Shugaban sojansu Lamy shi ma a ranar ya mutu, shi ya sa suka sa wa garin suna Fort-Lamy, sai cikin 1973 aka sāke shi ya zama Njamena. Kakanninmu Hausawa da yawa ta hanyar gabas suka zo, wadda ta taso daga Kano ta bi Barno, ta ratsa nan ta wuce Abeshe har Sudan. Fatake da mahajjata suna binta, waɗansu guzuri ya ƙare musu suka zauna, suka yi zuriya. Garin mararraba ne, kuma inda ƙafa ta yawaita cuta ba ta rasa wanda zai ɗauko ta.

A zamanin dā ba abin da uwa ke tsoro kamar agana. Mai tsananinta takan kashe har mutum 3 cikin 10, wanda ya tashi kuwa sai ka ga fuskarsa duk zanzana, wani ma ya makance. Wani likita na Ingila, Edward Jenner, shi ya nuna cikin 1796 cewa in an tsaga fatar mutum aka sa masa ruwan wata 'yar cutar shanu, agana ba za ta kama shi ba. To, duba wannan abin mamaki. Magani yana nan tun 1796, amma shekara 170 bayan haka agana tana nan tana cin yara a ƙasashenmu. Likitocin sojan Faransa sun yi ta yawo gari gari suna yin lamba, amma ba su kai ga kowa ba, kuma zafin rana yakan kashe maganin kafin ya isa.

Cikin 1967 aka ta da babban aiki a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Cadi, da taimakon Amurka. Suka zo da busasshen magani wanda ke jimre zafi, da wata bindigar allura da ake taka ta da ƙafa, tana iya yi wa mutum ɗaruruwa cikin awa guda. Ba a karɓi ko anini a hannun kowa ba. A nan ne kuma wata dabara ta fito daga wurin wani likitan mishan, William Foege, a yankin Ogoja na gabashin Nijeriya. Cikin Disamba 1966 agana ta ɓulla, maganin da ke hannunsa kuwa kaɗan ne. Sai ya yi magana da sauran ma'aikatan mishan ta rediyo, suka aika manzanni ƙauye ƙauye su gano gidajen da cutar take. Aka yi wa mutanen gidajen lamba, da maƙwabtansu, da kasuwannin da suke ci, sai cutar ta rasa inda za ta tsallaka. Cikin Mayu 1970 aka ga agana ta ƙarshe a wannan sashi na Afirka. Cikin 1977 aka ga ta ƙarshe a Somaliya, ran 8 ga Mayu 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ta ƙare.

Hukumar nan ta riga ta shirya cikin 1974 a riƙa yi wa kowane jariri rigakafin cuta 6: tarin fuka, da mashaƙo, da tarin shiƙa, da ciwon sarƙewar haƙora, da shan inna, da ƙyanda. Shan inna ta ba Cadi wuya ƙwarai, musamman bayan da aka dakatar da ɗigon maganinta a Kano daga 2003 zuwa 2004, ta tsallako iyaka. Cikin 2011 ta kama yara 132 a ƙasar nan, cikin 2012 aka ga na ƙarshe da irin ta asali ta kama.

Amma labarin da ya fi shafar Njamena shi ne na sanƙarau. Kowa ya san lokacinsa: daga hunturu sa'ad da ƙura ta tashi, har bazara, sai ruwan fari ya sauka ya lafa. Yaro yana wasa da safe, da yamma ga zazzaɓi da ciwon kai, wuya ya sandare, kashegari a yi jana'iza. Ko da magani, wajen 1 cikin 10 yakan mutu, cikin waɗanda suka tashi kuma akwai kurame da masu taɓin hankali. Wani likitan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zana ƙasashen da annobar ke yawan komowa cikin 1963, suka fito kamar ɗamara a ƙugun Afirka, Cadi tana tsakiya. Cikin 1988 sanƙarau ya kwantar da dubban mutane a garin nan. Cikin 1996 ya kama fiye da mutum 250,000 a ƙasashen ɗamarar, ya kashe wajen 25,000.

Akwai allurar sanƙarau tun shekarun 1970, amma tana da aibi. Ba ta kāre ƙananan yara sosai, ƙarfinta yakan gushe bayan shekara 2 ko 3, kuma ba ta kawar da ƙwayar cutar daga maƙogwaron masu lafiya, waɗanda su ne ke yaɗa ta ba da saninsu ba. Saboda haka sai annoba ta riga ta kama kafin a kawo ta. A ƙasashen Turai an riga an san yadda ake yin wadda ta fi ta, amma kuɗinta ya fi ƙarfin gwamnatocinmu, balle talaka.

Cikin 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da wata ƙungiya mai suna PATH suka ɗaura niyyar yin allura domin irin sanƙarau da ake kira A, wanda shi ne ke ta da manyan annobai a nan. Shugabannin lafiya na Afirka suka faɗa musu tun farko cewa in ta wuce rabin dalar Amurka ba za su iya saye ba. A ganina wannan magana ita ce ta gyara aikin duka. Wani kamfani na Indiya, Serum Institute, ya yarda ya yi ta a kan ƙasa da haka, aka sa mata suna MenAfriVac, aka fara da Burkina Faso da Mali da Nijar cikin Disamba 2010.

Cadi ta samu cikin Disamba 2011, tana tsakiyar annoba. Cikin kwana 10 aka yi wa wajen mutum miliyan 1.8 allura, daga ɗan shekara 1 zuwa 29, a Njamena da Shari-Bagirmi da Mayo-Kebbi ta Gabas. Sauran yankuna ba su samu ba tukuna. Da rani na 2012 ya wuce, Dokta Doumagoum Moto Daugla na Njamena da abokan aikinsa suka ƙirga. A yankuna ukun nan, masu mutum miliyan 2.3, an sami sanƙarau 57, babu ko ɗaya na irin A. A inda ba a yi allura ba, cikin mutum miliyan 8.7, an sami 3,809. Sun kuma duba maƙogwaron mutane a karkarar Mandeliya, kudu da birni: kafin allura sun sami ƙwayar a mutum 32 cikin 4,278, bayanta kuwa a mutum 1 cikin 5,001. Watau har jarirai da tsofaffin da ba a yi wa ba sun tsira, gama babu mai kawo musu ita. Kada dai a ce sanƙarau ya ƙare, domin yana da waɗansu iri. Irin C ya yi ɓarna a Nijar cikin 2015, da Zamfara da Sakkwato cikin 2017.

To, ƙyanda fa? Nan ne abin kunyarmu. Allurarta tana nan tun 1963, kyauta ake yinta, amma cikin 2004 zuwa 2005 ta mamaye Njamena. Masu bincike da suka bi gida gida a unguwar Mursal sun tarar wajen 4 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 da suka kamu sun mutu. Cikin 2018 ta sāke tashi a ƙasar, ta daɗe ba ta kwanta ba. Dalili shi ne ƙyanda ta fi agana saurin yaɗuwa nesa ba kusa ba. Mai ita ɗaya yana iya sa wa mutum 12 ko fiye, don haka sai wajen yara 95 cikin 100 sun sami allura, sau biyu kuwa, kafin ta tsaya. Maganin yana son sanyi tun daga ma'ajiya har hannun yaro, in an jiƙa kwalba kuma sai a ƙarar da ita cikin awa 6. Ga shi kuma sai jariri ya kai wata 9 ake yi masa, lokacin da uwa ta ga ɗanta ya yi ɓulɓul, ta daina zuwa asibiti.

Akwai asibitocin kuɗi a birni, mai hali yakan kai ɗansa can ya biya a yi masa. Ban ga laifinsa ba. Amma ina tuna masa da ƙanen yaron nan, ɗan wata 5 da ke goye, wanda bai isa allurar ƙyanda ba, ko nawa ne a aljihun ubansa. Abin da ke tsare shi shi ne 'ya'yan mai ga-ruwa da na mai wanki da ke shiga gidan, in an yi musu.

Cikin Oktoba 2024 Cadi ta ƙara rigakafi 3 cikin na jarirai a rana ɗaya: na zazzaɓin cizon sauro, da na ciwon huhu, da na gudawa. Na zazzaɓin sau 4 ake yinsa, watau sai uwa ta ƙara yawan zuwa asibiti da katin ɗanta a hannu.