Likitan ƙungiyar wasa: wane ne shi, kuma wa yake wa aiki?

Likitan wasanni shi ne wanda ke kula da lafiyar ƴan wasa kafin gasa, a lokacinta da bayanta. Sai mutum ya kammala karatun likita tukuna, sannan ya ƙara ilimi kan raunin tsoka da gaɓoɓi, ciwon zuciya da taimakon gaggawa. Galibi ana farawa da ƙananan ƙungiyoyi ko na matasa. Eva Carneiro, alal misali, ta yi karatun likita a Nottingham, ta shiga Chelsea a 2009, sai a 2011 ta kai ga babbar ƙungiya.

Gudu da jaka cikin fili, wanda ƴan kallo ke gani, shi ne ɗan ƙaramin ɓangaren aikin. Mafi nauyi shi ne awon zuciya. Ranar 26 ga watan Yuni 2003, ɗan wasan Kamaru Marc-Vivien Foé ya yanke jiki ya faɗi a birnin Lyon ana karawa da Kwalambiya, ya rasu. Bincike ya nuna tsokar zuciyarsa ta yi kauri fiye da ƙima. Bayan haka ne FIFA ta shigo da tsarin awon lafiya kafin gasa, tun daga kofin duniya na 2006. Da Christian Eriksen ya faɗi a Kopenhagen ranar 12 ga watan Yuni 2021, likitan Denmark Morten Boesen da ma'aikatan gaggawa sun dawo da bugun zuciyarsa da danna ƙirji da na'urar lantarki, nan cikin fili.

Akwai kuma sha'anin magani. Hukumar AMA, mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari, tana sabunta jerin haramtattun magunguna kowace ranar 1 ga Janairu, kuma ko maganin mura zai iya jawo wa ɗan wasa dakatarwa. Likitan da ya karkata ma bai tsira ba: a 2021 an soke lasisin Richard Freeman, tsohon likitan ƴan tseren keke na Team Sky, saboda odar sinadarin testosterone da ya yi a 2011.

Inda aikin ya fi wuya shi ne: ƙungiya ke biyan albashi, amma majinyacin ɗan wasa ne, mai horarwa kuwa so yake kowa ya shiga fili ranar Asabar. A watan Agusta 2015, a wasan Chelsea da Swansea, alƙalin wasa ya kira Carneiro ta duba Eden Hazard. Doka ta sa Hazard ya fita na ɗan lokaci, ga shi dama an kori mai tsaron gida, sai Chelsea ta rage da mutum tara. José Mourinho ya fusata, aka hana ta zama a benci. Ta bar aikin, ta kai ƙara, kuma a watan Yuni 2016 ƙungiyar ta nemi gafararta aka sasanta.

Hans-Wilhelm Müller-Wohlfahrt ma, wanda ke Bayern Munich tun 1977, ya ajiye aiki a watan Afrilu 2015 bayan Porto ta ci su 3 da 1, yana cewa an ɗora wa sashen lafiya laifin kayen. Ƙungiyar ta sake ɗaukarsa a 2017.